Hannun Hagun Malam

Wanne ne ya fi yi wa Malam ciwo, hannunsa na hagu da ya mutu ya bar shi, ko shirun da gidanmu ya yi bayan haka? Ina cikin takaba, ba ni da aiki sai zama, kuma na juya wannan tambaya ta kowace fuska ban samu amsarta ba. Lokacin da yake nan ban tambaye shi ba. Da na tambaya ma murmushi zai yi da rabin bakin da ya rage masa, ya ce in je in duba tukunyata.

Ni ban yi boko ba, allo ma ban yi nisa ba. Ina faɗa ne babbar 'yata tana rubutawa, za ta tura muku, ku mutanen zauren nan na cikin waya da kuke koyon jita, tunda kun yi ta tambaya yadda Malam, wanda kuke kira Baba, ya cika. Na ce mata ta rubuta yadda na faɗa, kada ta gyara mini magana. Idan kun ga magana ta yanke, kuka ne ya ci ƙarfina.

Mutane sun zo, Allah ya saka musu da alheri. Na Kazaure sun cika ƙofar gida, na Babura sun zo mota guda, dangina sun sauko daga rugagen Gwiwa da ƙoren nono kamar yadda muka saba. Kowa ya faɗi alheri. Makiyaya suka ce ba su ga malamin dabbobi irinsa ba, wanda zai ratsa taɓo a tsakiyar damina saboda saniya ta kasa haihuwa. Waɗanda ya yi aiki da su suka ce ba su taɓa jin ya ɗaga wa kowa murya ba. Liman ya ce sahun gaba ya yi giɓi. Duk gaskiya ne, ba wanda ya yi ƙari.

Amma ba wanda ya ambaci jita. Ranar da ya cika, tun kafin a ɗora ruwan wanka, ƙaninsa ya shiga ɗakin ya ɗauke ta daga gefen gado, ya zura ta a buhu ya kai ɗakin da muke ajiye gero. Na ji ƙararta lokacin da ta bugi ƙyaure. Wannan ƙarar ce ta fara sa ni kuka a ranar, kafin nan a daskare nake.

Ranar sadakar uku wasu baƙi suka zo, ɗayansu mai acaɓa ne daga Roni. Suka nemi a yi musu iso su yi mini gaisuwa daga soro. Ina bayan labule na ji ƙanin Malam yana tambayarsu:

"Daga wace ma'aikata kuke?"

Mutumin Roni ya ce, "Mu ɗalibansa ne, Alhaji."

"Af, na aikin dabbobi. To madalla, Allah ya ba da lada."

Ya sani sarai ko ɗaliban me ne. Su kuma suka shafa fatiha suka tafi. Ba na jin haushin ƙanin Malam, ɗan'uwansa ya rasa, kuma a ganinsa asiri yake rufa masa. Amma idan ni ma na yi shiru, jikokinmu za su tashi su san kakansu mai yi wa shanu allura ne mai yawan zuwa masallaci, shi ke nan. Rabinsa kenan.

Malam ya koyi jita tun yana saurayi, a makarantar da aka koya musu aikin dabbobi, wurin wani abokin ɗakinsa mutumin kudu. Da abokin zai koma garinsu ya bar masa ita. Gidansu Malam kuwa gidan masu rawani ne da ma'aikatan gwamnati, kuma a wurinsu kiɗa aikin maroƙa ne. Ba wanda ya taɓa ce masa ya fasa ta. Kallo kawai suke yi masa, ya ishe shi.

Ni na tarar da ita a ɗakinsa lokacin da aka kawo ni daga ruga, na ɗauka wata irin garaya ce ta Turawa. Idan ya dawo daga aiki yakan tura ƙofa, ya ɗauki wani tsohon kallabina ya cusa ƙarƙashin tsirkiyoyin, don kada sautin ya tsallake katanga. Abin da ke fitowa ba kiɗa ba ne, kamar kaza ce ke tonon ƙasa. Nakan ce masa, "Malam, kazarka ta samu tsaba kuwa?" Ya ce, "Tana nema, 'yar Fillo." Haka yake kirana tun ina amarya har na zama kaka. A haka muka haifi 'ya'yanmu, a haka muka aurar da su, ban taɓa jin ainihin muryar abin nan ba.

Bayan ya bar aiki 'yata ta saya masa wayar shafawa, wani ya sa shi cikin zaurenku. Ya daɗe bai ce uffan ba. Zai zauna ƙarƙashin darbejiyar tsakar gida bayan azahar, ya kara wayar a kunne yana jin ku, wani lokaci ya girgiza kai, wani lokaci ya yi dariya shi kaɗai. Har ranar da wani daga cikinku ya ce yatsunsa sun yi masa ciwo, zai haƙura, wannan abu ba na irinsa ba ne. Sai na ga Malam ya gyara zama ya danna wayar.

"Assalamu alaikum, 'ya'yana. Wani tsoho ne daga Kazaure. Kai mai ciwon yatsu, ba ka yi laifi ba, kowa ta nan ya bi. Kada ka kwashe yini guda a kanta sannan ka yi mako ba ka taɓa ba. Kullum kaɗan, gwargwadon yadda shayi zai huce. Ka yanke farcen hannun hagu. Idan ya yi zafi ka ajiye, gobe tana nan."

Daga ranar kuka sa masa Baba. Kun fi ni sanin abin da ya riƙa gaya muku, amma ni ma na haddace, don a kunnena ake yi. Wanda ya tambaye shi wace jita ce ta fi kyau, ya ce wadda ke hannunka. Wanda ke gaggawa, ya ce rage gudu har sai ka ji kunyar jinkirinka, sannan ka ƙara ragewa. Da bazara yakan ce kada a jingina ta a ɗakin kwano, zafi zai lanƙwasa mata wuya. Da damina ya ce a goge tsirkiya da tsumma bayan an gama, gumi da laima su ke kawo tsatsa. Ba ya cewa kiɗan wani bai yi ba. Sai ya ce, "Wurin nan na tsakiya ya yi daɗi, sake yi mini shi." Sauran kuma mai shi ya gane da kansa.

Wata rana kuka ce ya gwada muku da hannunsa. Ya ɗauko ta ya kaɗa ya tura. Can sai ga muryar wani ja'iri: "Baba, jitarka mura take yi ne?" Malam ya yi dariya har da tari. Ya daɗe yana kallon katangar da ke tsakaninmu da gidan ƙaninsa. Sannan ya zare kallabin ya miƙo mini.

"Karɓi kayanki, 'yar Fillo. Na gode da aro."

Ya kaɗa. Ina riƙe da tabarya na kasa sauke ta. Ashe wannan ce muryar da ke kwana a ɗakina tun ina yarinya.

Maganar tabarya kuma kun san ta. Wani ya ce hannunsa na dama yana rikicewa, ba ya iya riƙe kiɗa. Ina dakan fura a lokacin. Malam ya juyo wayar wajena ya ce, "Ku saurara. Kun ji tabarya tana tsayawa ta yi tunani? Sama, ƙasa, sama, ƙasa. Ko hannun hagu ya ɓata hanya, na dama kada ya tsaya jiransa." Ban san ya tura ba sai da aka fara aiko gaisuwa ga Inna mai turmi, daga Kano, daga Damagaram, daga garuruwan da ban taɓa jin sunansu ba. Na yi masa faɗa. Na ce yanzu turmina ka kai duniya? Ya ce turmin ya fi shi ɗalibai.

Ni ce kuma na ce masa a ruga idan fatar hannu ta yi laushi lalle muke sa mata ta yi ƙwari. Wasa nake yi. Shi kuwa ya ɗauka ya faɗa a zaure. Ba a jima ba ya riƙa nuna mini hotunan ƙarti da jajayen yatsu, wani ya ce matarsa ta tsare shi da tambayar bikin wa ya je.

Mutumin nan na Roni magidanci ne da iyalinsa. Jitarsa tsohuwa ce ya tsinta wurin masu gwangwan, tsirkiyoyinta ba su cika ba, ya ƙarasa da wayar burkin keke. Da ya tura kiɗansa wasu suka yi masa dariya. Ban taɓa jin muryar Malam ta yi kauri irin na ranar ba. Ya ce, "A nan ba a yi wa mai koyo dariya. Mutumin da ya sa wayar burki ta yi waƙa, ku da kuke da sabuwa ku ji tsoronsa." Washegari ya ɗauki tsirkiyoyin da ya ajiye wa kansa, ya je tasha ya ba direban Roni ya kai masa.

Labari ya kai kunnen ƙaninsa, wani ne ya kunna masa ɗaya daga cikin saƙonnin. Ya shigo ko zama bai yi ba.

"Yaya, da furfurarka? Jiya a gaban mutane aka kunna mini. Ka san gidan da muka fito."

"Na sani, a gabana aka haife ka a cikinsa."

"To me kake nema? Suna?"

"Ba na roƙon kowa, ba na zagin kowa, ba na barin salla. Na ɓoye abin nan saboda mahaifinmu, na ɓoye saboda aiki, na ɓoye saboda 'ya'yana su yi aure ba gori. Yanzu saboda wa zan ɓoye?"

"Saboda ni."

Malam ya ce, "Kai kuma sai ka yi haƙuri da ni." Sun daɗe ba sa haɗa ido. Amma duk Juma'a tare suke tafiya masallaci, ba mai cewa komai.

Ciwon ya same shi da hantsi, yana ɗaure wa tumaki harawa. Hawan jini ne. Da muka dawo daga asibiti ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Ƙafar ta ɗan dawo, yana jan ta da sanda, baki ya karkace amma magana na fita. Hannun ne bai dawo ba. Yana kwance a cinyarsa kamar na wani. Nakan shafa masa man shanu safe da yamma ina lanƙwasa yatsun, kantar da tsirkiya ta yi musu tana nan a bakinsu, ina ji tana laushi a hannuna har ta baje.

Ya kife wayar. Kuna ta aiko saƙo, Baba ina kake, Baba ya jiki, ba ya buɗewa. Ya ce wa 'yata ta cire shi daga zauren, ta ce to, ba ta cire ba. Na ce masa ai bakinka na nan, ka yi musu magana. Ya ce ba zai gaya wa mutum ya danna abin da shi ba zai iya dannawa ba. Ya rage cin abinci. Fura ma sai ya kurɓa ya ture. Bayan azahar zai zauna ƙarƙashin darbejiya yana kallon ƙasa har a kira la'asar. Na taɓa ganin saniyar da aka raba da garke tana irin wannan tsayuwar, kuma na san inda take ƙarewa. Na tsorata.

'Yata ce ta gaya muku gaskiyar halin da yake ciki. Ta ce kun yi ta shawara a tsakaninku. Sai ga mutumin Roni wata rana da rana tsaka, ya jingine babur ɗinsa ya yi sallama. Ya durƙusa ya gaishe da Malam, ya ce a ba shi jitar.

Malam ya ce, "Ɗauke ta gaba ɗaya, ɗana. Na ba ka."

"Ba kyauta na zo karɓa ba, Baba."

Ya zauna yana murɗa 'yan kunnuwan da ke kanta, yana saurare, yana murɗawa. Da ya gama ya ɗora wa Malam a cinya ya ce ya kaɗa da dama kawai. Malam ya ƙi. Ya sake roƙonsa. Sai Malam ya ja babban yatsa a kai sau ɗaya, don a rabu da shi. Sauti ya fito cikakke, mai daɗi, ba tare da an danna komai ba.

Mutumin Roni ya ce, "Haka 'yan zaure suka ce a ɗaura ta. Yanzu ba sai an yi ta tara yatsu ba. Abu ɗaya za a shimfiɗa a kan tsirkiyoyin duka, a nan, sannan a nan. Ko wanda bai taɓa riƙe ta ba zai iya." Ya zauna ta hagun Malam ya shimfiɗa yatsansa, Malam yana kaɗawa. Sun ɗan jima a haka. Na ga kafaɗar Malam ta miƙe.

Amma mai acaɓa yana da bakunan da zai ciyar, kuma Roni ba bayan gida ba ce. 'Ya'yanmu kowa na wurin aikinsa. Da baƙon ya tafi Malam ya dube ni, ni kuma na tashi na shiga madafa. Da tsufana, da surukai, a ce an gan ni ina kiɗa? Bai roƙe ni ba. Bai taɓa roƙona komai ba a zamanmu. Ya sa aka jingine ta kusa da shi, kullum ya ja yatsa a kai sau ɗaya ko biyu, sauti ɗaya tak, ya tsaya. Sautin nan ɗaya da ba ya zuwa ko'ina ya fi shirun ci mini rai.

Wata rana na ajiye tsintsiya na zo na zauna ta hagunsa. Na ce, "Ina ne wurin?"

Bai dube ni ba, ina jin tsoro yake kada in fasa. Ku kuna kiran wuraren da haruffan boko, ni ban san su ba. Sai ya raɗa musu suna. Idan ban taɓa komai ba, gida. Wurin farko, rijiya. Na gaba da shi, kasuwa. Ya ɗiga musu alli. Yana kaɗawa yana kira da karkataccen bakinsa:

"Gida. Rijiya. Gida. Kasuwa. Gida! 'Yar Fillo, gida na ce, me kike saye har yanzu?"

"Kai ne kake sauri."

"Ni? Ni da nake hana mutane sauri?"

Yatsana ya kasa, tsirkiya ta yanka ni. A kan wannan ne ya buɗe wayar, bayan duk tsawon lokacin nan. Ya ce, "'Ya'yana, ina da sabuwar ɗaliba, hannunta ba ƙarfi, bakinta ne da ƙarfi. Me kuka gani?" Wayar ba ta huta ba ranar. Wata baiwar Allah daga Damagaram ta ce in bar yatsa, in nemi ƙaramar kwalbar turare in riƙa ɗorawa a kai. Na gwada. Idan na ja kwalbar daga rijiya zuwa kasuwa sai abin ya yi wani irin kuka kamar na mutum. Malam ya rufe ido. Daren nan ya cinye tuwonsa.

Damina guda muka yi a haka. Bai warke ba, kada ku ɗauka warkewa ya yi. Hannun yana nan yadda yake, jikin yana ta raguwa. Amma ya koma yi muku magana, kuma kun ji abin da muka tura, da kurakuraina a ciki, ya hana a goge. Sau ɗaya ƙaninsa ya shigo ya tarar da mu. Na so in janye hannuna, Malam bai daina kaɗawa ba, ni ma sai ban janye ba. Ƙanin ya tsaya a bakin soro har muka kai ƙarshe, ya ce, "Ya jikin, Yaya?" Malam ya ce da sauƙi. Ƙanin ya juya ya fita.

Ciwon ya dawo masa ana cikin girbin gero. Wannan karon ya tafi da maganar. Ya yi kwanaki yana kallonmu, leɓensa na motsi idan an yi masa kalmar shahada, amma sauti ba ya fita, har Allah ya karɓi abinsa. Allah ya jiƙansa, ya yafe masa, ya sa ya huta. Ku sa shi a addu'a, ku kuma riƙe masu koyo yadda ya riƙe ku.

Masu zuwa gaisuwa suna tambayata ko ya bar wasiyya. Bai bari ba, ciwon bai ba shi dama ba. Yammacin da abin zai faru muna zaune ƙarƙashin darbejiya, ya gaji, kiɗan ma a hankali yake yi. Muka zo ƙarshe, ya ja yatsa sau ɗaya a kan tsirkiyoyin. Ni kuma hankalina na kan tukunyar da na bari a wuta, na fara ɗaga kwalbar zan tashi. Sai ya ce:

"Kada ki ɗaga tukuna, 'yar Fillo. Bar ta ta gama."